Ɗana, Kafin Ka Yanke Salansar Motarka

Ɗana, Allah ya sanya alheri a wannan mota, ya tsare ka daga sharrin ƙarfe. Ford Mustang GT ta 2018 ba motar yara ba ce. Silinda takwas, inji mai lita 5, ƙarfin doki 460. Ka yi gumi a Amurka ka saye ta da halalinka, babu mai hana ka jin daɗinta. Yanzu kuma zuciyarka ta karkata ga canza mata salansa. Kana so idan ta tashi a san ta tashi. Ban ga laifinka ba ko kaɗan. Muryar inji mai lafiya abu ne mai daɗi, mu ma da muka manyanta mukan waiga idan irinta ta wuce. Amma zauna tukuna. Kafin mai walda ya kunna wutarsa, akwai 'yan abubuwan da nake so su shiga kunnenka.

Fara da sanin abin da za ka taɓa. Mutane kan ga bakin bututun da ya leƙo a baya su ce ga salansa. Wannan wutsiya ce kawai. Hayaki yana fita daga kowace silinda ya shiga manifol, inda bututai ke haɗuwa. Daga nan ya ratsa matatar hayaki, wadda makanikanmu na gida ke kira indomi. Sai ya faɗa tukunyar tsakiya, mai kashe wasu sautuka marasa daɗi. A ƙarshe ya isa tukwanen baya, su rage masa ƙara, ya fita. Abin da yake kusa da inji ya fi shafar ƙarfin mota. Abin da yake can baya ya fi shafar muryarta. Ka riƙe wannan da kyau. Yawancin samari a nan suke tuntuɓe, su sayi murya su ɗauka ƙarfi suka saya.

Kunne yana da yaudara, ɗana. Idan mota ta ƙara ruri, jikinka zai rantse maka cewa ta ƙara gudu. Ƙafarka ma za ta fi taka totur don ka ji rurin, sai ka ga kamar motar ce ta canza, alhali kai ne ka canza. Injiniyoyin da suka ƙera Mustang sun san aikinsu. Bututun da suka saka mata ba a shaƙe yake ba. Idan ka canza tukwanen baya kaɗai, abin da za ka samu na ƙarfi ɗan ƙalilan ne, wani lokaci ma babu. Idan ka canza daga bayan indomi har wutsiya, za ka iya samun ɗan ƙari, amma a kan doki 460 da ƙyar bayanka zai ji bambancin. Duk mai saye da sayarwa yana yabon hajarsa, wannan ba sabon abu ba ne. In kana son gaskiya, akwai na'urar da ake ɗora mota a kanta, tayoyi su juya a kan gangunan ƙarfe, ta auna ƙarfin da ke isa ƙasa. A auna kafin aiki, a auna bayan aiki, a kan na'ura ɗaya, a yanayi iri ɗaya. Lissafin da ya fito shi ne shaidarka.

Akwai kuma masu cewa a faɗaɗa bututu iya faɗi, wai hayaki ya sami hanya. Maganar tana da daɗin ji, amma ba ta cika ba. Hayaki ba gudana yake yi shar ba. Dunƙule-dunƙule yake fitowa, kowace silinda ta turo nata. Kowane dunƙule in ya wuce da sauri yakan bar gurbi a bayansa, gurbin nan kuma ya taimaka wajen zuƙo hayakin silindar da ke biye. Silinda ta share sosai, ta sami wurin sabuwar iska da mai. Idan bututu ya yi faɗi fiye da kima, saurin hayakin ya ragu, wannan zuƙar ta raunana. Sai ka ji motar ta yi nauyin tashi a cikin gari, inda kake yin yawancin tuƙinka. Garin neman ƙiba ke nan a samo rama. A kasuwa za ka tarar da mai inci 2.5 da mai inci 3. Ga injin da ba a taɓa cikinsa ba, na farkon ya wadatar. Na biyun yana nuna amfaninsa ne idan an ƙara wa injin na'urar cusa iska, ƙarfinsa ya haura sosai.

Mota mai turbo lissafinta daban ne. Abokinka mai Mustang EcoBoost, silinda huɗu lita 2.3, shi buɗe hanya bayan turbo yana taimaka masa da gaske, domin farfelar turbo ta fi juyawa idan hayaki bai taru a bayanta ba. Don haka kada ka ɗauki shawararsa ka ɗora a kan motarka. Kowace da halinta.

A taka motar, ƙarfi na gaske yana can gaba, wajen manifol. Akan cire na kamfani a saka masu dogayen bututai, kowace silinda da nata, tsawonsu kusan ɗaya. Wannan yana ƙara ƙarfin da za ka ji. Amma in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Dole a sake saita kwamfutar motar don ta daidaita mai da iska. Kuɗin aiki yana da yawa, wurin a matse yake. Sannan yawancin irin waɗannan manifol suna gusar da indomi daga mazauninsa, ko su kawar da shi gaba ɗaya. A nan ne nake so ka tsaya ka saurare ni sosai.

Kada ka cire indomi, ɗana. Tun 1975 motocin Amurka suka fara zuwa da shi. A cikinsa akwai ramuka ƙanana birjik, an shafe su da ma'adanai masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam. Aikinsu su karɓi gubar da ke cikin hayaki su mayar da ita abin da ba ya kisa nan take. Iskar kabon monoksaid, wadda kake jin labarin tana hallaka iyali guda idan sun kwana da janareta a cikin gida, tana cikin abin da yake ragewa. Ɗanyen man da bai ƙone ba da iskar da ke ƙona huhu, su ma haka. A gida Najeriya ka san yadda abin yake. Motoci da yawa suna yawo an fafe musu indomi, wasu da sanin mai mota, wasu ba da saninsa ba, saboda ma'adanan nan kuɗi ne. Ka tsaya a bayan irin wannan mota a cunkoso idonka zai gaya maka. Mai sayar da ruwa a bakin titi da yaron da ke goye a bayan uwarsa su ke shaƙar abin da mai motar ya ƙi tacewa.

A Amurka dokar tarayya ta hana cire shi daga motar da ke hawa titi. Motar ma da kanta za ta tona asiri. Akwai sensa kafin indomi, akwai wata bayansa, suna auna iskar da ke cikin hayaki. Da zarar sun ga babu bambanci, fitilar gargaɗi ta kama a gabanka. Wasu sukan sa a rufe wa kwamfuta ido don fitilar ta mutu. To, ranar da wata cuta ta gaske ta kama injin fa? Ruwa ba ya tsami banza, kuma fitilar nan don ta faɗakar da kai aka yi ta. Idan har sai ka canza manifol, nemi wanda ya zo da matatarsa kuma hukuma ta amince da shi. A jihar Kaliforniya irin waɗannan kayan suna ɗauke da lambar amincewar hukumar kula da iska ta jihar. Babu lamba, babu saye.

Haka kuma ka bar saitin nan da ake yi wa kwamfuta don mota ta riƙa tartsatsi da fashe-fashe idan an ɗaga ƙafa daga totur. Ɗanyen mai ne ake turawa ya ƙone a cikin bututu. Zafinsa yana cinye indomi a hankali. Kuma a ƙasar da mutane ke firgita da ƙarar bindiga, ba abin wasa ba ne ka sa tsohuwa ta durƙushe a bakin titi.

Yanzu mu zo ga muryar, tunda ita ce ainihin abin da ranka ke so. Ka san kakakin fada. Dogo ne, muryarsa mai kauri. Algaita kuwa gajera ce, muryarta siririya mai tsini. Numfashin mutum ne a duka biyun, tsawon bututu da faɗinsa da siffarsa su ne ke sauya amo. Salansa ma haka take. Sai dai asalin muryar daga inji take fitowa. Injin motarka yana kunna silindoginsa ta yadda bugun da ke fita ta kowane ɓangare ba ya zuwa da tazara ɗaya. Wannan rashin daidaito shi ne gurnanin da ake sanin motocin Amurka da shi. Shelby GT350, 'yar'uwar motarka, an ƙera mata karanshaf na wata siffa irin ta Ferrari, bugunta ya daidaita, shi ya sa take ihu siriri har zuwa juyi 8,250 a minti. Ko nawa ka kashe, taka ba za ta yi irin wannan ihun ba. Ita ma ba za ta yi gurnani irin na taka ba. Ka so muryar da motarka ta zo da ita, ka nemi wanda zai fito da kyanta.

Masu ƙera mota ba sa raina wannan sha'ani. Lokacin da Toyota ke haɗa Lexus LFA, wadda guda 500 kawai aka yi, har masanan sauti na Yamaha, kamfanin da ke ƙera kayan kiɗa, suka sa hannu wajen gyara muryarta. Abin da ya ɗauki irin waɗannan mutane dogon nazari, yaro da zarto ba zai gama shi da yamma ɗaya ba.

A tsakiyar motar, inda bututai biyu ke tafiya kafaɗa da kafaɗa, akan haɗa su ta ɗaya daga hanya biyu. Haɗi mai siffar H yana ba da murya mai kauri irin ta tsofaffin motoci. Mai siffar X yana ba da murya mai ɗan kaifi idan inji ya hau sama. Ni kunnena ya fi kwanciya da na farkon, amma wannan zaɓinka ne. Kamfanonin kirki ma sukan ba ka matakai. Borla, wanda ke wannan sana'a tun 1978, yana da Touring mai sanyi, da S-Type na tsakiya, da ATAK mai tsananin ƙara. Samari kan ruga wa na ƙarshen. In za ka ji tawa, kada ka wuce na tsakiya. Kuma kada ka yanke hukunci da bidiyon waya. Ƙaramar lasifikar waya ba ta iya fitar da sauti mai kauri, kuma shi ne wanda zai dame ka. Je wurin da masu irin motarka ke taruwa. Ka yi sallama, ka roƙi ɗaya ya ɗauke ka. Ku rufe gilashi, ku hau babbar hanya, ku yi tafiya mai ɗan nisa da gudu ɗaya.

Dalilin da ya sa na ce haka shi ne gunji. Wani amo ne mai nauyi da ke cika cikin mota idan inji ya zauna a wajen juyi 2,000 a minti, daidai inda yake zama a doguwar tafiya. Injin silinda takwas yana bugu huɗu a kowane juyi. A juyi 2,000, bugu kusan 133 ke nan a sakan guda. Idan wannan ya dace da tsawon bututu da faɗin ɗakin motar, sai komai ya ɗauki rawa tare, har ƙirjinka. A minti biyar na farko ba za ka damu ba. Bayan awa guda kai ya fara sarawa. Ba ka jin maganar na kusa da kai, ba ka jin karatun da ka kunna. Tukunyar tsakiyar da mutane ke gaggawar yankewa, rage irin wannan yana cikin aikinta.

Na san wani yaro, ɗan abokina, mai hankali da ladabi. Ya cire tukunyar tsakiya da na baya a lokaci guda. Makon farko yana ta murna. Daga baya maiɗakinsa ta daina shiga motar, saboda jaririnsu ba ya barci a ciki. Motar da ya saya don su riƙa fita tare ta koma ta shi kaɗai. Ƙarshe ya sake biyan kuɗi aka mayar da abin da ya biya aka cire. Ba mugunta ya yi ba, ƙuruciya ce da rashin mai faɗa masa. Akwai maganin gunji ga wanda ya nema. Wasu kamfanoni, irin su Corsa, sun gina sunansu a kan tukwanen da ke mayar da sautin ya kashe kansa. Akwai kuma ɗan bututu mai rufaffen baki da ake liƙawa a gefe, a auna tsawonsa daidai da amon da ake son kashewa. Ka tambayi mai sayarwa kai tsaye me salansarsa ke yi a juyi 2,000. Idan ya kauce wa tambayar, kai ma ka kauce wa shagonsa.

Kunnenka ma amana ne. Ana auna ƙara da desibel, kuma lissafinsa ba irin na mudu ba ne. Ƙarin desibel 3 ninki biyu ne na ƙarfin sauti. Ƙarin 10 kunne kan ji shi kamar an ninka ƙarar. Masana lafiyar ma'aikata a Amurka sun sa iyakar desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. Za ka so ka ji muryar jikokinka.

Sai maƙwabci. Ka san matsayinsa a addininmu da tarbiyyar gidanmu, ba sai na maimaita maka ba. Abin da wataƙila ba ka lura ba shi ne mota ta fi ƙara a tashin farko na safe. Kwamfuta takan ɗaga juyin inji don indomi ya yi zafi da wuri. Wato lokacin da za ka fita sallar asuba ko aikin sassafe, lokacin ne motarka ta fi ɗaga murya. A bayan bangon nan akwai ma'aikaciyar asibitin da ta kwana tsaye, akwai mara lafiya, akwai jinjiri. Kai baƙo ne a ƙasar, kuma da halinka za a auna mutanenka.

Kamfanin Ford da kansa ya koyi wannan darasi. Wani babban injiniyansu ya tayar da Shelby GT350 da safe a unguwarsu, maƙwabci ya kira masa 'yan sanda. Mutumin bai yi fushi ya watsar ba. Ya kai maganar wurin aiki. Daga nan Mustang ta 2018, shekarar motarka, ta fito da zaɓin salansa mai bawul, wadda za ka iya sa mata lokaci ta riƙa tashi a hankali, misali daga dare zuwa safiya. Ford ta ce hakan yana rage kusan desibel 10, ya sauko wajen 72. Duba motarka da kyau, mai yiwuwa tana da shi. In tana da shi, sayi salansar da ke aiki da waɗannan bawul ɗin, kada ka yar da su. In babu, akwai na kasuwa masu maɓalli. Sun fi tsada, na sani. Amma a duk abin da za ka kashe wa kuɗi, wannan na fi so ka saya. A unguwa ka rufe. A buɗaɗɗiyar hanya ko filin tsere ka buɗe, ka ji daɗinka babu nauyin kowa a wuyanka.

Hukuma ma ta farka. A Kaliforniya iyakar ƙananan motoci desibel 95 ce. Jihar New York ta ɗaga tarar salansa mai ƙara zuwa dala 1,000 a 2022, kuma garejin da ya yi ta saka irinta zai iya rasa lasisinsa. A unguwar Kensington da Chelsea ta Landan, tun 2020 aka kafa kyamarori masu kunne, su ji ƙara su ɗauki lambar mota. Kowace jiha da dokarta, don haka karanta ta inda kake zaune kafin ka biya.

Game da ƙarfen kuwa, araha ba ta ado. Inda dusar ƙanƙara ke sauka ana zuba gishiri a titi, gishiri kuma yana cin baƙin ƙarfe da sauri. Ƙarfe mara tsatsa iri biyu za ka fi gani. Mai lamba 409 ya fi sauƙin kuɗi, yakan yi ja a sama amma yana jurewa. Mai lamba 304 ya fi shi daɗewa da kyan gani. Ka tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu. Yana kama 409 sosai, 304 kuwa da ƙyar. Akwai titaniyam, wanda Akrapovič na ƙasar Sulobeniya ya yi suna da shi. Nauyinsa bai kai kashi 60 cikin 100 na ƙarfe ba, kuma zafi yakan rina shi shuɗi mai kyau. Ga mai tsere da ke lissafin kowane kilo, yana da ma'ana. Ga mai zuwa ofis, kuɗin ya fi amfani a tayoyi masu kyau da birki. Ka kuma leƙa lanƙwasar bututun. Idan ta matse ta yi tamoji, hanya ta ƙuntata a nan. Aikin kirki faɗinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe.

Idan akwai sauran garanti a kan motar, dokar Amurka ta 1975 ta hana a soke shi don kawai ka saka kayan wani kamfani, sai in kayan ne suka jawo lalacewar. Taɓa kwamfuta kuwa yana ba su hujja mai ƙarfi idan inji ya sami matsala. Masu inshora ma ka sanar da su abin da ka canza, don kada ranar buƙata a sami abin faɗa.

Ranar sakawa, ka zaɓi wadda ake ɗaurewa da kusoshi a kan wadda sai an yanka an yi walda. Ka tsaya a wurin. A tabbata bututu bai taɓa jikin mota ba, bai kusanci tiyon mai ko na birki ba, bai kuma sauko ƙasa yadda tudun rage gudu zai buge shi ba. A sa sababbin gasket. Bayan 'yan kwanaki ka koma a sake ɗaure kusoshin, domin zafi da sanyi suna sassauta su. Idan ka ga baƙin toka a wata mahaɗa, ko ka ji tsit-tsit a ƙarƙashi da safe, yoyo ne, kada ka jinkirta. Kabon monoksaid ba ta da wari ba ta da launi, tana iya shigowa ɗakin mota ta sa ka gyangyaɗi a kan sitiyari. Kada kuma ka bar mota tana aiki a rufaffen gareji don kana sauraron sabuwar murya.

Tsohuwar salansar kada ka bari a gareji, kada ka sayar wa 'yan gwangwan. Kai ta gida ka ajiye tare da robobinta da kusoshinta. Masu sayen mota ta hannu sun fi natsuwa da wadda ba a taɓa ba. Ranar da za ka sayar, ko aiki ya mayar da kai jihar da dokarta ta fi tsauri, cikin yini guda bakanike zai mayar maka da ita.